Yadda Ake Haɗa Dami a Kuma Buga Shi a Wasan Marvel Champions

Marvel Champions wasan kati ne na haɗin gwiwa da kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ya fitar a 2019. Daga mutum ɗaya zuwa huɗu ake buga shi. Kowa yana riƙe da jarumi ɗaya, duk a taru a kan bos guda wanda dokokin wasan ne ke tafiyar da shi. Akwatin farko ya zo da jarumai biyar, Spider-Man da Captain Marvel da She-Hulk da Iron Man da Black Panther, sai bos uku: Rhino, Klaw da Ultron. Ana cin wasa idan an ƙarar da jinin bos. Faɗuwa kuwa ta hanya biyu take zuwa, ko dai a kashe duk jaruman, ko kuma barazanar da ke taruwa a kan babban makircin bos ta kai iyakarta. Ta biyun ita ce ta fi kayar da sabon shiga, domin ido yana kan faɗa, makirci yana cika a gefe.

Kafin a zaɓi ko kati ɗaya, akwai abin da sai an fahimce shi. A wannan wasa kati shi ne kaya, shi ne kuma kuɗi. Duk katin da za ka buga yana da farashi, kuma da sauran katunan hannunka za ka biya, kana zubar da su a juji. Spider-Man yana riƙe kati biyar. Idan ya buga Swinging Web Kick mai farashi 3, kati huɗu sun tafi ke nan, saura ɗaya. Ashe hannu mai kati biyar ba abu biyar zai yi maka ba, da ƙyar zai yi biyu. Duk wanda ya cika daminsa da manyan katuna masu ban sha'awa ya manta da wannan lissafi, zai riƙa kallonsu suna wucewa juji ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taɓa buga su ba.

Dokokin haɗa dami

Dami, wato tarin katunan da ɗan wasa ke ja daga ciki, ba ya gaza kati 40, ba ya wuce 50, ban da katin jarumin kansa. Kati 15 na jarumin ne, dole su shiga duka, ba ragi ba ƙari. Sauran za ka cike su daga fanni ɗaya tak, tare da katunan gama-gari masu ruwan toka waɗanda kowa ke iya ɗauka. Fannonin akwatin farko huɗu ne: Aggression ja ne, aikinsa duka, Justice ruwan ɗorawa, aikinsa rage barazana, Leadership shuɗi, yana tara mataimaka, Protection kore, yana kare jiki. Daga baya an ƙara na biyar tare da jarumi Deadpool. Kati iri ɗaya ba ya wuce kwafi uku, wanda aka yi wa alamar cewa shi kaɗai ne, kamar Nick Fury, kwafi ɗaya, sai kuma wanda aka rubuta masa tasa iyakar a jikinsa.

Tsaya a 40. Hujjar lissafi ce kawai. Idan kana da kwafi uku na wani kati a dami mai 40, damar ka gan shi a hannun farko mai kati shida ta kai kusan kashi 39 cikin ɗari. A dami mai 50 ta sauko kusan kashi 32. Katin da kwafi ɗaya ne kuwa, daga kashi 15 zuwa 12. Katunan jarumi 15 ɗin nan galibi su ne mafi ƙarfi a damin, saboda haka duk katin da ka ƙara bayan na arba'in nisanta ka da su yake yi. Wasu suna ƙara kati don tsoron ƙarewar dami, tunda duk lokacin da ya ƙare aka sake gauraya jujin, ana ba ka ƙarin kati ɗaya daga damin bos. Wannan hukunci ne mai sauƙi idan aka kwatanta da ribar sake ganin manyan katunanka da wuri.

Zaɓen fanni

Dubi lambobi uku da ke jikin jarumi: warware makirci, hari, kariya. Spider-Man yana da 1, 2, 3. She-Hulk 1, 3, 2. Black Panther 2, 2, 2. Idan kai kaɗai kake wasa, zaɓi fannin da zai toshe ɓarakar jarumin, ba wanda zai ƙara masa abin da yake da shi ba. Spider-Man ya riga ya iya kare kansa, yana da duka mai zafi, abin da ya rasa shi ne rage barazana. Don haka Justice ya fi dacewa da shi a wasan mutum ɗaya. She-Hulk da Aggression abin sha'awa ne, amma mai buga ta shi kaɗai tsere yake yi da makirci, kuma hannunta na jarumta kati huɗu ne kacal. Idan kuna da yawa a teburi, a nan ne kowa zai iya zurfafawa a abin da ya fi iyawa, muddin akwai wanda ya ɗauki nauyin barazana.

Misalin dami: Spider-Man da Justice

Bayan katunansa 15, ga 25 da za su cike 40. Daga Justice: Daredevil 1, Jessica Jones 1, For Justice! 3, The Power of Justice 2, Heroic Intuition 2, Surveillance Team 2, Great Responsibility 2, Interrogation Room 1. Daga gama-gari: Energy, Genius da Strength ɗai-ɗai, Nick Fury 1, Mockingbird 1, Avengers Mansion 1, Helicarrier 1, Haymaker 2, First Aid 1, Emergency 1.

Ga dalilin da ya sa aka jera su haka. Energy da Genius da Strength ba sa yin komai sai biya, amma kowane ɗaya yana biyan biyu, kuma kwafi ɗaya ɗaya doka ta yarda. Da wuya ka sami dami mai kyau da babu su. The Power of Justice yana biyan biyu ne kawai idan katin Justice ake saya, iyakarsa kwafi biyu. Kada a saka shi don al'ada: ƙirga katunan fanninka masu farashi 2 ko fiye. A wannan dami akwai tara, ya ci kuɗinsa. Idan uku ko huɗu ne kawai, cire shi.

Alamun biya ma suna da muhimmanci. Akwai na makamashi, na tunani, na ƙarfin jiki, sai na huɗu mai tsayawa a madadin kowanne. For Justice! yana cire barazana 3, amma idan an biya shi da alamar tunani sai ya cire 4. Genius yana ba da tunani biyu, shi kaɗai ya biya shi. The Power of Justice alamarsa mai shiga ko'ina ce, shi ma haka. Wannan ƙarin ɗaya da ake rainawa, a wasan da iyakar makirci 7 ce, shi ne bambancin zagaye guda.

Heroic Intuition yana ƙara 1 a ƙarfin warware makirci har ƙarshen wasa, wato ya ninka na Spider-Man. Mutum ba ya iya ajiye fiye da ɗaya a gabansa, amma an sa biyu don a same shi da wuri; na biyun idan ya zo, kuɗi ne. Interrogation Room shi ma ɗaya ake ajiyewa, sai dai bai kai a nemo shi da gaggawa ba, kwafi ɗaya ya isa.

A dunƙule, dami mai lafiya yana son katunan biya da na tattali kamar bakwai zuwa tara, mataimaka biyar zuwa bakwai, sauran kuma na aiki. Masu farashi 4 kada su wuce biyar ko shida. A nan ga Webbed Up biyu daga katunan Spider-Man 15, Daredevil, Nick Fury da Avengers Mansion, biyar ke nan, kuma ya isa haka.

Hannun farko

Katin jarumi fuska biyu gare shi, ta jarumi da ta farar hula. Ana fara wasa a fuskar farar hula, ga Spider-Man wato Peter Parker, da kati shida. Kana da damar zubar da duk wanda ba ka so ka ja madadinsa, sau ɗaya. Lura, waɗanda ka zubar juji suke zama, ba za su dawo ba sai dami ya ƙare, abin da kan ɗauki kusan zagaye bakwai. Abin nema a hannun farko shi ne abin da zai zauna a teburi yana biya maka kowane zagaye: Web-Shooter, Helicarrier, Avengers Mansion, Heroic Intuition, da katin biya ɗaya ko biyu. Swinging Web Kick a zagayen farko ɓarna ce. Ɗaya ya isa a riƙe don biya, sauran a sake su.

Ga yadda kyakkyawan zagayen farko yake. Peter Parker yana samar da alamar tunani ɗaya kyauta kowane zagaye. Ka biya Web-Shooter da ita, farashinsa 1. Ka juya zuwa Spider-Man, domin sai a fuskar jarumi Web-Shooter ke aiki. Ka kwantar da shi, wato ka karkata katin a gicciye alamar ya yi aiki, ya ba ka ɗaya, ka haɗa da Energy da wani kati guda, huɗu ke nan, ka ajiye Avengers Mansion, ka kwantar da shi nan take ka ja kati. Har yanzu jarumin yana tsaye, yana iya kai hari. Tsarin shi ne a cinye amfanin fuskar farar hula tukuna kafin a juya, tunda sau ɗaya ake juyawa a zagaye.

Avengers Mansion yana cin kati biyar idan aka haɗa da shi kansa, yana mayar da ɗaya a kowane zagaye. Sai ya yi aiki sau biyar kafin ya biya kansa. A zagaye na ɗaya ko na biyu babu kamarsa. Idan ya zo bos yana gab da faɗuwa, a biya wani abu da shi.

Lokacin juyawa

Nan ne ake cin wasa ko a faɗi, saboda haka a bi shi a hankali. Bayan 'yan wasa sun gama, bos yana bin matakai a jere. Da farko a ɗora barazana a kan babban makirci. Sannan ya motsa a kan kowane ɗan wasa: idan kana fuskar jarumi ya kai maka hari, idan kana farar hula ya ƙulla makirci. Ko wanne ya yi, ana buɗe masa katin ƙari a haɗa alamun da ke jikinsa da ƙarfinsa. Yaransa da ke gabanka su ma su yi irin abin da ya yi. Bayan haka a raba wa kowa kati ɗaya daga damin bos, a buɗe.

Ɗauki Rhino a wasan mutum ɗaya. Makircinsa yana cika a 7, kowane zagaye ana ɗora 1, ƙarfin makircinsa 1. A ce barazana tana 3, jininka ya yi ƙasa, ka koma Peter Parker don ka warke. An ɗora 1, ta zama 4. Rhino ya ƙulla, 1 da katin ƙari mai alama biyu, ta zama 7. Wasa ya ƙare kana da cikakken hannu. Ko da daga 2 ka juya, za ta iya tsayawa a 6, sannan katin Advance ya fito ya sa shi ya sake ƙullawa. Saboda haka ƙa'idar ita ce: kafin ka koma farar hula, saukar da barazana zuwa sifili ko 1, ka kashe yaran bos da ke gabanka, in da hali ka riƙe Emergency, katin da ke rage barazanar da bos ya ƙulla. Shirin juyawa zagaye ɗaya kafin lokacin ake yin sa, ba sai wuƙa ta zo wuya ba.

Kada kuma wannan ya sa a ƙi juyawa sam. A ƙarshen zagayen 'yan wasa ake cika hannu, gwargwadon fuskar da kake ciki a lokacin. Wanda ya kwana a Peter Parker zai ja shida, ga alama ɗaya kyauta, ga warkewar 3, ga Aunt May mai warkar da 4. Zagayen da ke biyo bayan wannan hutu yakan fi kowanne ƙarfi.

Kariya da mataimaka

Katunan da aka kwantar suna miƙewa ne a ƙarshen zagayen 'yan wasa, kafin bos ya motsa. Abin da ke biyo baya mutane da yawa ba sa hango shi. Idan ka kwantar da jarumi ya tare hari, a kwance zai wayi gari: ba hari, ba warware makirci, kuma ko ka juya farar hula ba zai iya warkewa da kansa ba, domin ita ma warkewar sai an kwantar da shi. Kariya ba kyauta ba ce, aikin zagaye mai zuwa ka sayar. Spider-Man yana da jini 10. Bos mataki-mataki yake fitowa, kuma harin Rhino na matakin farko 2 ne da ƙari. Da cikakken jini, sau da yawa gara ka sha dukan ka ci gaba da aiki, ka ajiye Backflip, wanda ba ya cin ko sisi kuma yana hana duk raunin hari guda, don ranar da Rhino ya ɗauko Charge. Ka tuna kuma duk harin da bos ya fara a kanka, Spider-Man yana jan kati ɗaya.

Mataimaki yana jin rauni duk lokacin da ya yi aiki, galibi 1. Iyakarsu uku a gaban mutum. Yadda ake cin moriyarsu shi ne a yi aiki da su har jini ya rage ɗaya, sannan a tura su su tare harin bos. Daredevil yana da jini 3: sau biyu ya cire barazana 2, kowane karo ya yi wa maƙiyi rauni 1, na ukun ya sha dukan da aka nufe ka da shi komai girmansa. Banda harin da ke ratsawa, irin na Charge, wanda rarar raunin take wucewa ta same ka. Nick Fury kuwa ƙarshen zagaye zai tafi ko ana so ko ba a so, don haka a ranar da ya shigo a karɓi kyautarsa, kati uku ko rauni 4 ko cire barazana 2, a yi aiki da shi, a kuma tare hari da shi. Black Cat ba ta jin rauni idan ta kai hari, ita ake bari ta daɗe.

Inda ake asarar duka

Swinging Web Kick rauni 8 ne, kuma hanyoyin ɓarnatar da shi uku ne. Idan bos yana ɗauke da alamar tauri, duk raunin farko a banza yake tafiya, ko 1 ko 8. A fara cire ta da ɗan harin mataimaki. Idan Rhino yana sanye da Armored Rhino Suit, rauni a kan rigar yake taruwa, tana faɗuwa idan ya kai 5, rarar kuma ta ɓata. Na uku, rarar rauni ba ta tsallakawa daga matakin bos zuwa na gaba: Rhino na farko yana da jini 14 ga kowane ɗan wasa, idan saura 2 ka buga masa 8, shida sun tafi a iska, na biyu zai fito da 15 ɗinsa cif. Kuma fitowarsa tana jawo ƙaramin makircin Breakin' & Takin', mai ƙara katin bos ɗaya kowane zagaye. Kada a tura shi mataki na biyu sai teburi ya kintsu.

Ƙananan makirce-makirce ba duka ake gaggawar cirewa ba, a duba alamarsu. Mai hana taɓa babban makirci, irin Crowd Control, shi ne na farko a kowane hali. Mai ƙara katin bos shi ne na biyu. Mai ƙara barazana ɗaya a zagaye, irin Bomb Scare, ana iya haƙuri da shi idan bos ya kusa faɗuwa. Yaron bos mai gadi, kamar Hydra Mercenary, yana hana ka kai wa ubangidansa hari. Nan ne Haymaker mai rauni 3 yake da rana, in an liƙa masa Spider-Tracer tukuna sai mutuwarsa ta cire barazana 3.

Sauran jarumai da gyaran dami

Iron Man yana fara jarumta da hannu mai kati ɗaya, yana ƙaruwa da kowane kayan fasaha da ya ɗaura har zuwa bakwai. Daminsa yana son kayan fasaha masu arha, kuma zagayen farko-farko a Tony Stark, fuskarsa ta farar hula, ake yin su. Black Panther yana dogara da kayansa huɗu da katin Wakanda Forever!, wanda ke motsa su duka a jere, na ƙarshen da aka zaɓa ya fi ƙarfi. Captain Marvel tana son alamun makamashi, don haka idan katuna biyu sun yi kunnen doki, a ɗauki mai wannan alamar. She-Hulk tana yin rauni 2 duk lokacin da ta juya zuwa jarumta, ita yawan juyawa riba ce gare ta.

Bayan kowane wasa, a tuna katunan da kullum biya aka yi da su ba a taɓa buga su ba. Idan wasa uku a jere haka ta faru da kati ɗaya, a cire shi. A canza biyu ko uku a lokaci guda, ba goma ba, don a san abin da ya kawo sauyin. A kuma gyara gwargwadon bos. Klaw yana samun katin ƙari biyu idan ya kai hari, lambar da ke jikinsa ba abin dogaro ba ce, don haka mataimakan tare hari da katunan sumar da bos irin Mockingbird da Webbed Up suna ƙara daraja. Ultron yana ɗebo katuna daga saman daminka ya mai da su ƙananan yaransa masu jini ɗaya ɗaya. A kansa duka mai 8 ba ya da amfani sosai sai an share fili, abin da ake so shi ne ƙananan raunuka masu yawa, kuma Interrogation Room, da ke cire barazana 1 bayan an kashe yaron bos, yana samun aiki kusan kowane zagaye.